Kuɗin kirifto: A hannun wa makullin yake?

A watan Disambar 2022 tsadar kaya a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, sidi kuma ya yi ta zubewa a cikin shekarar. Wasu 'yan kasuwa kan mayar da jarinsu USDT, kuɗin intanet da darajarsa ke bin dalar Amurka. Sayensa ba wuya. Wuyar ita ce inda za a ajiye shi.

Hanya ta farko ita ce barin kuɗin wurin kamfani, kamar yadda a da fataken goro a Salaga suke barin dukiyarsu wurin maigida. Sai dai shi maigidan an san ƙofar gidansa, sarki ma ya san shi. Kamfanin FTX ya durƙushe a Nuwambar 2022 da kuɗin jama'a. A Fabrairun 2025 ɓarayin intanet sun kwashe kimanin dala biliyan 1.5 daga Bybit. CBEX kuwa, wanda ya yi wa 'yan Nijeriya alkawarin ninka kuɗi, ya rufe a Afrilun 2025. Wanda ya tuna Menzgold a 2018 ya san kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Hanya ta biyu ita ce mutum ya riƙe asusunsa da kansa, a waya ko a wata 'yar na'ura irin Ledger ko Trezor. Makullin kalmomi ne 12 ko 24. Idan waya ta ɓace, su za su dawo da kuɗin. Idan su suka ɓace, babu ofishin da za a kai kuka. Duk wanda ya gan su kuma, ko yaron da ya buɗe maka asusun ne, zai iya kwashe komai daga nesa. Don haka a takarda ake rubuta su, ba a ɗaukarsu hoto, ba a tura su ta WhatsApp.

A Disambar 2025 majalisar dokokin Gana ta amince da dokar bai wa kamfanonin kirifto lasisi. Wannan ci gaba ne, amma doka ba ta dawo da abin da sakaci ya salwantar.

Abin da ya fi shi ne a bar kuɗin cefanen kaya kaɗai wurin kamfani, uwar jari kuwa a hannun mai ita. Sannan a sanar da amintacce ɗaya inda takardar take. Rai na Allah ne, kada haƙƙin magada ya bi mutum kabari.