Kafin a cika wa amarya kicin da injina, a tuna da maburgi

Duk mai leƙa shafukan masu sayar da kayan kicin a Instagram ko TikTok zai ci karo da tallan wani babban cokali mai yatsu. Na ƙarfe ne, ya fi wanda ake cin taliya da shi girma da kauri, yatsunsa kuma a wawware suke. Masu tallan na cewa shi kaɗai yana murje bota cikin fulawa, ya kaɗa ƙwai, ya dagargaza dafaffen dankali, ya haɗa ƙullu.

Ba ƙarya suke yi ba, cokalin yana da amfani. Sai dai abin da ake yabonsa a kai, wato abu guda ya yi ayyuka da yawa ba tare da wutar lantarki ba, ba baƙon abu ba ne a madafin Bahaushiya. A tsofaffin gidajen birnin Zariya, daga Ƙofar Jatau zuwa Ƙofar Doka, da wuya a rasa maburgi soke a jikin zana ko cikin kwandon ludaya. Ra'ayina shi ne, irin waɗannan ƙananan kayan hannu su ne ginshiƙin kicin, su ya kamata a fara saya wa amarya kuma a koya mata amfani da su, injina su biyo baya idan da hali.

Maburgi, wanda wasu ke kira maburkaki, sanda ce siririya mai 'yan yatsu a gindi. Ana riƙe ta tsakanin tafukan hannu biyu a riƙa murzawa, gindin yana juyawa gaba da baya cikin tukunya. Wannan juyin ne ke fasa gudaji. Uwargida na barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan, ta burga, ta sake barbaɗawa, har miya ta haɗu sumul. Haka ake yi wa busasshiyar kuɓewa. Da shi ake fasa kindirmo ya koma nono mai santsi, da shi ake kaɗa miyar wake ta narke. Duk wannan a cikin tukunyar da ke kan wuta, ba sai an juye a wani mazubi ba.

Ba mu kaɗai muka gano wannan dabara ba. Mutanen Sudan na da irinsa, suna kiransa mufraka, da shi suke burga miyar kuɓewarsu. A Indiya akwai mathani na kaɗa nono a fitar da mai. A Meziko akwai molinillo na katako, wanda ake murzawa tsakanin tafuka don kaɗa shayin koko ya yi kumfa, har yau kuma suna sayar da shi ga 'yan yawon buɗe ido da alfahari. Mu kuwa namu ya koma abin da ake jin kunyar sa wa cikin kayan amarya.

A nan matsalar take. Yau idan za a yi wa yarinya jere, kicin kaɗai na iya cinye abin da uba ya tara a shekaru. Bilenda, injin haɗa kek, na'urar gasa burodi, tukunyar lantarki, kowanne da kwalinsa. Uwa ta shiga adashe biyu, wani uban ya sayar da fili ko ya ci bashi, don kada dangin miji su raina. Bayan biki a je a duba: rabin kayan na saman kabad, ƙura ta rufe kwalayen.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Injin da ba wuta, ado ne kawai. A watan Oktoban 2024, jihohin Arewa da dama sun shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. A watan Afrilun shekarar, hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, babu magidancin da zai tayar da shi don a kaɗa ƙwai uku. A irin waɗannan ranaku, wadda ta iya hannu ita ce ke sauke tukunya a kan lokaci.

Wata za ta ce, to ai maganar miya ce, kek da cincin fa? Nan ma hannu ba baya ba ne. A cikin fulawa akwai wani sinadari da ake kira gulutin, wanda ke yin danƙo idan ya haɗu da ruwa aka yi ta juyawa. Wannan danƙon ake nema a burodi, gurasa da funkaso, shi ya sa ake bugun ƙullunsu sosai. Amma a kek da biskit, danƙon ne ke ɓata aiki. Idan aka zuba fulawa aka bar inji yana ta gudu, kek ɗin zai fito da tauri kamar roba. Da cokali mai yatsu kuwa, hannu na jin lokacin da ƙullu ya haɗu, sai a tsaya.

Haka batun cincin mai gurus-gurus da ɓawon fai na nama. Sirrinsu shi ne a murje bota cikin busasshiyar fulawa har ta koma kamar tsakin masara, kafin a zuba ruwa ko madara. A zafin Zariya na watan Maris da Afrilu, ɗumin tafin hannu kan narkar da botar tun ba a gama ba. Yatsun ƙarfe ba su da wannan ɗumi, suna yanka botar ƙanana ba tare da ta narke ba. A nan, babban cokalin nan ya fi maburgi, ya fi yatsun mutum. Wadda ba ta da shi, cokali mai yatsu na gida mai ɗan ƙwari zai yi mata, sai dai ya ɗan ɗauki lokaci.

Gaskiya dai ɗaya ce, akwai inda inji ya fi. Markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu, ko na waken ƙosai da alale, ba aikin maburgi ba ne. Mai sana'ar kek da ke haɗa na biki kwano-kwano, ko take kaɗa farin ƙwai har ya tsaya, ita injin haɗawa jari ne, domin hannu zai gaji tun ba a je ko'ina ba. Tsohuwa mai ciwon kafaɗa ma ta cancanci sauƙi. Ba na cewa a jefar da bilenda. Cewa nake a sayi abu saboda aikin da zai yi a gidan, ba saboda idon 'yan ganin ɗaki ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai kuma inda bilenda ke da haɗari. Idan aka zuba miya mai zafi a ciki aka rufe aka kunna, tururi na iya tunkuɗo murfin, miyar ta watsu a fuska da hannu. Maburgi ba ya buƙatar a ɗaga tukunya daga murhu.

Masu ƙorafin tsafta su ma suna da hujja. Katako na shan ruwa, kuma abinci kan maƙale a mahaɗar yatsun maburgi. Maganin shi ne a wanke da sabulu da zarar an gama, a goge lungunan, a shanya a rana ya bushe sarai, kada a bar shi jiƙe cikin ruwan wanke-wanke. Idan ya tsage ko ya yi baƙi, a canja, tunda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A ware na nono daban da na miya, don kada kindirmo ya ɗauki ƙamshin daddawa. Shi kuma cokalin ƙarfe, kada a sa shi a tukunyar da ba ta kamu, domin yana kankare rufin cikinta. A irin wannan tukunya, katako ne daidai.

Saura kira ga masu sana'a. Zariya gari ne na masassaƙa da maƙera, ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, duk da sassan koyar da ƙere-ƙere. Me zai hana a fito da maburgi na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai mariƙin katako, mai sauƙin wankewa? Me zai hana a ƙera babban cokalin nan a gida, a kai kasuwar birni da ta Sabon Gari, maimakon a jira na ƙasar waje da farashinsa ke bin dala? Idan aka gyara shi ya yi kyan gani, amaren yanzu da kansu za su nema.

Iyaye mata kuma, kafin a rubuta jerin kayan kicin, a zauna da yarinya a lissafa abin da za ta riƙa dafawa kullum: tuwo, miya, kunu, shinkafa, ƙwan karin kumallo, sai kek da cincin lokacin sallah. Za a ga muciya, mara, ludayi, maburgi da cokali mai yatsu mai ƙwari sun ɗauke mafi yawan aikin. Kuɗin injin da zai kwanta a kwali, a ba ta ta ja jari. Sannan a tsayar da ita gaban tukunya ta koyi kaɗa kuka ba gudaji tun tana gida, domin wannan ba a sayar da shi a kanti, kuma ba ya jiran a kawo wuta.