Lesin Hutun Nan Na 'Ya'yan Wa Ne?



Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu ranar da aka kawo shawarar buɗe lesin dogon hutu domin matasanmu, kuma har gobe ina yaba wa kwamitin ilimi a kan wannan ɗawainiya. Amma abin da na gani ranar rajista ya hana ni barci, shi ya sa na kawo maganar nan inda kowa zai karanta.

Wata baiwar Allah ta zo da 'yarta budurwa, kurma ce, tana aji biyar na sakandare. Yarinyar na son shiga ajin lissafi da na kwamfuta. Mai rajista ya dubi uwar ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba mu da tsarin irinsu." Ba a jima ba ga wani saurayi a keken guragu, ƙaninsa na turo shi. Shi ba a ma ce masa komai ba. Ya ɗaga kai ya kalli matakalar benen da aka zuba azuzuwan a samansa, ya ce wa ƙanin su koma gida. Ranar Juma'a an yi sanarwa a masallaci cewa lesin na "dukkan 'ya'yanmu" ne. To waɗannan biyun 'ya'yan wa ne?

Na tuntuɓi wasu daga cikin 'yan kwamitin, na kuma ji hujjojinsu. Bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko, wai babu kuɗi. Mu da muke halartar bikin rufe lesin duk shekara mun san inda kuɗi yake tafiya: hayar rumfa, hayar kujeru, lasifika, mai ɗaukar hoto, lemo da ruwan gora na manyan baƙi. Sauko da aji ɗaya daga sama zuwa ƙasa bai cin ko sisi. Ɗakunan ƙasa biyu an cika su da tsofaffin bencina da buhunan siminti, kwashe su aikin yamma ɗaya ne ga samari biyar. Gangaren da keke zai hau a bakin ƙofa kuwa, kafinta zai haɗa shi da katako kafin la'asar, kuma kafintoci ba su yi mana ƙaranci a unguwar nan ba. Idan za a rage wani abu, a rage rumfa.

Hujja ta biyu, wai babu malaman da suka iya. Wannan ita ta fi ba ni mamaki, domin a Ibadan muke zaune. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta horar da malaman masu buƙata ta musamman tana nan garin Oyo, tafiyar da ba ta wuce ta safe a dawo da rana ba. Jami'ar Ibadan tana da sashen ilimi na musamman, ga ta nan kusa da mu. Ɗaliban wuraren nan suna koyon maganar hannu da rubutun makafi, kuma da yawansu suna neman inda za su gwada abin da suka koya. Wa ya rubuta musu takarda? Wa ya taka ya je? Ba a nema ba, sai aka ce babu. Ko a cikin gida, ƙanwar yarinyar nan kurma ita ke fassara mata magana tun suna ƙanana. Da an ba su benci ɗaya a gaba, malami ya riƙa fuskantar aji yana rubuta abin da yake faɗa a allo, da rabin matsalar ta kau.

Ajin kwamfuta ma haka. Kusan kowace wayar Android da ke aljihunmu tana da TalkBack, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan fuskar waya. A kwamfuta akwai NVDA, kyauta ake sauke ta. Hukumar JAMB tun 2017 take da tsari na musamman da makafi ke zana jarrabawar shiga jami'a. Wato hukumar da ke tace ɗaliban ƙasa baki ɗaya ta samo hanya, mu da muke da azuzuwa huɗu mun ce abin ya fi ƙarfinmu.

Hujja ta uku, wai za su ja sauran yara baya. Ina so wanda ya faɗi haka ya shiga ajin lissafinmu ya zauna minti talatin. A ciki akwai wanda ya haddace jadawalin sau, akwai wanda raba goma gida biyu sai ya ƙirga da yatsu. Akwai ɗan makarantar kuɗi, akwai wanda ya shekara biyu yana tura baro a kasuwar Bodija kafin ya dawo karatu. Ajin bai taɓa zama na masu ƙoƙari iri ɗaya ba. Malamin kirki ya saba raba yara rukuni-rukuni, ya haɗa mai sauri da mai jinkiri. Kuma duk wanda ya taɓa koyarwa ya san yaron da ya yi wa ɗan uwansa bayanin darasi ya fi riƙe shi. Wanda ƙafarsa ta shanye ba ƙwaƙwalwarsa ce ta shanye ba. Mai jinkirin fahimta kuwa, in lissafin aji shida ya yi masa nauyi, ajin ɗinki da gyaran waya da haɗa takalmi suna nan, kuma sau da yawa ya fi mu haƙurin zama a kan aiki.

Hujja ta huɗu, wai ai suna da makarantunsu. Suna da su, kuma makarantun nan su ma hutu suke yi. Yaron da ya yi wata tara a makarantar kurame yana dawowa gida ya zauna sati shida ko bakwai a ɗaki, babu aboki, babu mai yi masa magana sai uwarsa. Idan ya gama karatu, ba a makarantar kurame zai buɗe shago ba. A cikinmu zai zauna, mu ne masu sayen kayansa, 'ya'yanmu ne abokan kasuwancinsa. Idan ba su saba da juna suna shekara 15 ba, yaushe za su saba?

Akwai kuma doka, ga wanda sai an ambaci doka yake motsawa. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukuma. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika tun farkon 2024. Ba ina cewa a kai kowa kotu ba. Ina cewa abin kunya ne takardar gwamnati ta riga mu tausayin 'ya'yanmu, mu da muka taso muna jin labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da aka saukar da sura saboda ya zo neman ilimi, wanda daga baya ya zama ladan, har ana bar masa riƙon Madina.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Duk lokacin da aka kwashe mabarata daga bakin titin Sabo, mu ne masu cewa an ci mutuncin Bahaushe. Duk lokacin da maƙwabtanmu suka haɗa sunanmu da bara, ranmu yana ɓaci. Amma yaron da muka kora daga aji yau, ina muke zaton zai nufa nan da shekara biyar? Mun rufe masa ƙofar allo, mun bar masa ta ƙoƙo a buɗe, sannan mu dawo muna kukan an raina mu.

Iyaye ma da nasu laifin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai gidajen da ake ɓoye yaro mai nakasa kamar abin kunya, baƙo ya shekara yana zuwa bai san da shi ba. Amma uwar da ta cire kunya ta riƙo hannun 'yarta har teburin rajista, ita kam ta sauke nata nauyin. Mu ne muka mayar da ita.

Ga abin da nake nema kafin sati na biyu ya shiga. A sauko da ajin kwamfuta da aji ɗaya na karatu zuwa ƙasa. A sa gangare a ƙofa, a duba banɗaki. A tura mutum biyu Oyo ko jami'a su nemo mai fassarar maganar hannu, a biya shi kuɗin mota daga kason biki. A ƙara layi ɗaya a fom inda iyaye za su rubuta taimakon da ɗansu yake buƙata. A sa mutum ɗaya mai nakasa cikin kwamitin ilimi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan shugaban kwamiti da kansa ya taka gidajen yaran nan biyu ya ba da haƙuri, ya ce su dawo.

Ni na ɗauki nauyin katakon gangaren. Wanda zai ɗauki kuɗin motar mai fassara ya sanar da sakatare kafin taron ranar Lahadi. Zan zo taron, kuma zan sake tayar da maganar.

Allah Ya sa mu gyara.