Tecno da itel sun ci kasuwarmu, saura haƙƙin mai saye

Jama'a, duk wanda ya ci kasuwar Madawa ko ta Tunfafi ko ta Tamaske, ya ɗan tsaya gaban teburin masu sayar da salula, zai ga sunaye uku ne suka fi yawa: Tecno, itel da Infinix. Da yawa cikinmu suna zaton kamfanoni uku ne ke kishi da juna, alhali uwarsu ɗaya ce, wato kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. An kafa shi a shekarar 2006, ya maida hankalinsa kan Afirka tun 2008, kuma a 2017 ya sha gaban Samsung wajen yawan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar. Yau fiye da kashi 40 cikin 100 na wayoyin zamani da ake saye a Afirka nasa ne. A shekarar 2023 kaɗai ya sayar da wayoyi kusan miliyan 200 a duniya.

Wannan nasara ba daga sama ta faɗo ba, a yabi gwani in ya yi abin yabo. Dattawanmu ba su manta da Nokia mai tocila ba, wadda ta fito a 2003, lokacin da Celtel ke kafa ƙarafunanta a ƙasar nan. Nokia ta yi zamaninta ta wuce, har ta sayar wa Microsoft sashen wayoyinta a 2014. Abin da Transsion ya yi shi ne ya saurari talaka. Ya ga rezo ɗaya ba ya kaiwa ko'ina, sai ya yi waya mai layi biyu, ta yadda mutumin Garhanga ko Karofan zai riƙe Airtel da Moov a aljihu guda. Ya ga ɗan Nijar ɗaya ne kawai cikin biyar ke da wutar lantarki, sai ya yi batir mai kwanaki. Ya gyara kyamara don ta fito da fuskar baƙar fata, ya sa Hausa cikin harsunan wayar, ya bar tocila da rediyon FM. Ni da nake aikin rediyo na san amfanin wannan, domin yawancin masu kiranmu a shirin dare da wayar suke saurare, da ita kuma suke kira.

Amfanin batir mai ƙarko ya fito fili a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta maido ba sai a farkon 2024. A watannin nan mai ƙaramar itel ya fi mai babbar waya kwanciyar hankali, ga kuma layi a rumfar masu caji da hasken rana.

To amma ga inda gizo ke saƙa. A rahoton cinikin da kamfanin ke bai wa masu hannun jari tun da ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai a 2019, ana lissafa Afirka ne a dunƙule. Babu Madawa, babu Buza, babu Keita. Kuma wayoyin da ke kan teburanmu da yawa ta Kano suke biyowa, daga kasuwar Farm Centre, ko ta Sakkwato su shigo Ƙonni ko Bangi, wasu ta Maraɗi. Wasu kuma ƴan cirani ne ke kawo su tsaraba daga Abijan ko Libiya. Ke nan kuɗin albasar kwarin Tarka da gumin ƴan bida suna shiga littafin kamfanin da sunan wata ƙasa. Wanda ba a ƙidaya shi ba kuwa, ba a yi masa tanadi.

Kwanan baya wata baiwar Allah daga wani ƙauyen Buza ta kira mu a shiri. Ɗanta ya aiko mata da kuɗi daga Abijan, ta sayi waya ranar kasuwa don su riƙa gaisawa, mako uku wayar ta mutu. Mai tebur ya ce shi ba ruwansa, mai gyara ya buɗe ya ce jabu ce, sunan kawai aka manna. Ba rasit, ba shaida, kuɗi sun tafi. Irin wannan kuka ba sau ɗaya ba ne, ba sau biyu ba.

Transsion yana da sashen gyara da garanti mai suna Carlcare, amma cibiyoyinsa a manyan birane suke. Daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne. Wa zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa don wayar da ba ta kai jika 10 ba? Garantin da ba a iya kaiwa gare shi, sunansa kawai garanti.

Wani zai ce araha ba ta ado, wanda ya sayi mai rahusa ya haƙura. Wani kuma zai ce kamfani ba shi da laifi kan kayan da ba wakilinsa ya shigo da su ba, balle na jabu. Akwai gaskiya a nan. Sai dai jika 10 a hannun manomin Ibohaman ta fi jika 100 a hannun babban ma'aikacin Yamai nauyi. Kuma maganin jabu shi ne na ainihi ya matso kusa. In da akwai wakili sananne a kowace gunduma, mai ba da rasit yana karɓar waya in ta lalace, da masu jabu sun rasa kasuwa, kamfanin kansa ya ƙaru.

Don haka kirana uku ne. Na farko ga kamfanin: kunnen da ya saurare mu har ya ci kasuwarmu, ya sake saurarenmu, ya naɗa wakilai a Madawa da Buza da Keita, ya horar da samarinmu masu gyara a bakin tasha, ya wadata su da batir da gilashi na ainihi. Na biyu ga hukuma, musamman duwan da ma'aikatar kasuwanci da ARCEP: a sa ido kan wayoyin jabu, a tilasta ba da rasit. Na uku gare mu masu saye: kada ka miƙa kuɗi sai ka danna *#06# ka ga lambar da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali, sannan mai tebur ya rubuta maka ita a takarda da kwanan wata da sunansa. In ya ƙi, teburi ba ɗaya ba ne a kasuwa.

Salula ta daina zama kayan ƙawa a wurinmu. Da ita manomi ke jin farashin buhun albasa kafin dillali ya iso, da ita tsohuwa ke samun labarin an turo mata kuɗi ta Nita ko Al Izza. Abin da ya kai wannan matsayi bai kamata a sayar da shi kamar goro a faranti ba. Allah ya sa masu abin su ji, mu ma mu gyara.