In Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari

Ranar 17 ga Oktoba 2024 gwamnatin Kwaddibuwa ta rushe ƙungiyoyin ɗalibai duka, har da FESCI wadda ta fi su ƙarfi. Ran Lahadin da ta biyo, lokacin ba da shaida, wani dattijo ya miƙe a majami'armu a Adjamé ya ce a taya shi yi wa Ubangiji godiya, gama an kashe maciji. Jama'a suka amsa da Amin mai ƙarfi, ni ma na amsa. Amma tun daga ranar zuciyata ba ta bar ni na huta ba, domin na san wanda ya yi kiwon macijin nan shekara 34, na kuwa san muna cikin masu kai masa ruwa.

Kada wani ya ce ina kare FESCI. Gawar ɗalibai biyu ce ta kawo ƙarshenta, Khalifa Diomandé a watan Agusta, da Zigui Mars Aubin Déagoué a ƙarshen Satumba, dukansu 'yan ƙungiyar. Aka kama shugabanninta. Da hukuma ta shiga gidajen kwanan ɗalibai sai ta ce ta sami adduna fiye da 100 da gurneti, ta kuma fitar da mutum wajen 5,000 waɗanda ke zaune ba bisa ƙa'ida ba. Adda a ɗakin mai karatu! Gona ce yake nomawa a kan siminti?

Amma matasanmu ba su san mafarin abin ba, ya kamata su sani. An kafa ƙungiyar a watan Afrilu 1990, sa'ad da ƙasar ke ƙarƙashin jam'iyya ɗaya, zamanin Houphouët-Boigny. Kukan yaran a lokacin kukan gaskiya ne: ɗakin karatu ya cika ya batse, kuɗin tallafi ba ya zuwa, wurin kwana babu. A watan Mayu 1991 sojoji suka auka wa gidan ɗalibai na Yopougon da tsakar dare, suka yi musu dūka, suka ci mutuncin 'yan mata. Kwamitin bincike ya ɗora laifin a kan shugaban sojoji, Robert Guéï, amma shugaban ƙasa ya ƙi hukunta shi. Waɗanda suka fita zanga-zanga a kan wannan a watan Fabrairu 1992, har da Laurent Gbagbo, su aka kai kurkuku. To, wane darasi kuke tsammani yaran suka koya? Sun koyi cewa mai ƙarfi ba ya amsa tambaya. Ba su ma jira ba, gama tun a watan Yuni 1991 ɗalibai suka kashe ɗan'uwansu ɗalibi, Thierry Zébié, suna zarginsa da zama ɗan bangar gwamnati.

Daga nan manya suka gane amfanin yaran. Guillaume Soro ya shugabanci ƙungiyar daga 1995 zuwa 1998, Charles Blé Goudé ya gaje shi. Da yaƙi ya ɓarke a 2002, na farkon ya zama jagoran 'yan tawaye, na biyun ya zama jagoran matasan da ke bayan Gbagbo. Ɗaya ya kai ga firayim minista, ɗaya ya kai ga kotun duniya a Heg, inda aka sallame shi a 2019. Kowane yaro a jami'ar Cocody ya ga hanyar da ta fi digiri sauri. A tsakanin nan ɓangarorin ƙungiyar suka sassari juna da adda a 2000 da 2001, a 2004 kuma aka sace Habib Dodo, wanda ke cikin masu kafa wata ƙungiyar ɗalibai dabam, aka kashe shi.

Wannan duk laifin manya ne na sama, kowa ma na iya zaginsu a gindin bishiya. Ni namu nake so in faɗa.

Ƙarfin FESCI ba a adda yake ba, a mabuɗi yake. Gidajen kwanan jami'a, na Mermoz da Cité Rouge a Cocody, da na 220 Logements a nan Adjamé, da na Abobo da Port-Bouët, ba su taɓa isar ɗalibai ba. A takarda, hukumar CROU ce ke raba ɗakuna. A zahiri kuwa, kafin a rushe ta, ɗakuna da yawa suna hannun ƙungiyar, tana ba wanda ta ga dama haya, ɗalibi ne ko ba ɗalibi ba. Wanda bai samu ba sai ya raɓe a ɗakin aboki, ya shimfiɗa tabarma tsakanin gadaje. Irinsu ake wa laƙabi da 'yan Kambodiya. Ku yi tunanin yarinya 'yar shekara 18 da ta zo daga Korhogo ko Man, ba ta san kowa a Abijan ba, dare ya yi, ga mai mabuɗi tsaye. Me kuke tsammani ake nema a hannunta in ba ta da kuɗi? Duk wanda ya riƙe wurin kwanan yaro ya riƙe bakinsa, da ƙafarsa ranar zanga-zanga.

Mun san wannan kuwa. Iyaye nawa a cikinmu suka ƙulla kuɗi a leda suka ce wa yaro, je ka ga su wane, su sama maka ɗaki? Muka kira shi dabara. Sa'an nan muka zo sujada muna addu'a Allah ya kawar da cin hanci daga ƙasa. 'Yan'uwanmu Hausawa masu sayar da garba, acaken nan da soyayyen kifi wanda ya rayar da ɗaliban Abijan har sunanmu ya bi shi, sun fi kowa sanin abin da ake karɓa a hannun mai kasa kaya kusa da gidajen ɗalibai. Direbobin gbaka ma sun sani. Wani uban kuma, in ɗansa ya sami muƙami a ƙungiyar har ana kiransa janar, sai ya fara taƙama a kasuwar Treichville, ya ce yanzu ba mai taɓa shagonsa. Bai tambayi inda yaron da ba ya aiki ya sami babur ba.

Na san amsar da za a ba ni, gama na sha jinta a taron dattawa: mu baƙi ne, da yawanmu daga Nijar da Nijeriya muka zo, baƙo kuwa ba ya sa baki a rigimar masu gida. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya ga abin da aka yi wa baƙi a birnin nan a 2002 da 2011 ba zai raina tsoron ba. Amma ba wanda ya ce mu ɗauki kwalaye mu nufi Plateau. Baƙunci bai hana mu sayen fili ba, bai hana mu gina shaguna ba, bai hana mu tara baiko don sayen lasifika mai tashin unguwa ba. Sai a kan wurin kwanan yaro ne muke tunawa mu baƙi ne?

Ku koma ku karanta labarin Eli a 1 Sama'ila sura 2. 'Ya'yansa, Hofni da Finehas, suna aika bara da cokali mai yatsu uku ya tsamo nama daga tukunyar masu hadaya, wanda ya ƙi kuma a ƙwace da ƙarfi. Eli bai yi shiru sarai ba, ya yi musu faɗa. Amma faɗan baki ne kawai, naman kuwa yana shiga gidansa. Saboda haka hukuncin bai tsaya a kan yaran ba. Irin faɗan Eli muka yi shekara da shekaru daga bagade: yaranmu ku kiyaye kanku, ku guji miyagun abokai. Muka sallame su da albarka, suka koma wurin mai mabuɗi.

'Yan'uwa na Nijeriya da za su karanta wannan, kada ku ce abin na Abijan ne. Ku ma kun binne ɗalibai biyar da 'yan ƙungiyar asiri suka kashe a jami'ar Ife ranar 10 ga Yuli 1999. Suna ne ya bambanta.

Takardar gwamnati ta rushe ƙungiya, amma ba ta haifi gado ko ɗaya a daren nan ba. A cikin mutum 5,000 ɗin da aka fitar akwai waɗanda ba su da haɗi da makaranta, akwai kuma 'yan Kambodiya na gaske masu jarrabawa a gabansu. Ina suka kwana? Wa ya tambaya a cikinmu? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon kuwa yana nan da tsagarsa. In ba a toshe ba, wani zai zo da sabon suna ya karɓi mabuɗin.

Matar nan ta Shunem, a 2 Sarakuna sura 4, ba ta kira taro ba. Ta yi magana da mijinta, suka yi wa Elisha ɗan ƙaramin ɗaki a kan bene, suka sa gado da tebur da kujera da fitila. Abin da ɗalibi ke bukata ke nan, ko ɗaya bai ƙaru ba. Jami'ar Nangui Abrogoua, wadda dā ake kira Abobo-Adjamé, tana nan kusa da mu. Daga Treichville kuma haye gada ne a kama hanyar Cocody. Ɗaliban ƙungiyar nazarin Littafi Mai Tsarki ta GBU sun san waɗanda ke kwana a ɗakin karatu, za su ba mu sunayensu in mun tambaya.

A bayan majami'armu akwai ɗaki biyu cike da karyayyun bencina da tsofaffin ganguna, an kulle su tun ban san yaushe ba. Na kawo maganarsu a taron dattawa sau biyu, sau biyu aka ce a bar ta sai an gama tara kuɗin fentin hasumiya. Zan sake kawo ta a taro mai zuwa, na kuma roƙi shugabar zumuntar mata ta zo ta zauna kusa da ni.