Littafin yara kan bikin Hanuka: a ɓoye shi a kwali, ko a sa shi a kanta?

Duk malamin da ya taɓa buɗe kwalin littattafan kyauta, irin waɗanda ake aiko wa makarantunmu daga Faransa ko Kanada ko Amurka, ya san abin da yakan tarar a ciki. Akwai na dabbobi, akwai na lissafi, akwai tarin na Kirsimeti, jefi-jefi kuma sai ga wani da hoton fitila mai rassa tara a bangonsa. Wannan na bikin Hanuka ne, bikin da Yahudawa ke yi a lokacin sanyi. Abin da na ga abokan aiki da yawa suna yi shi ne su mayar da shi ƙasan kwali su rufe, ba tare da sun karanta ko shafi ɗaya ba. Wasu kuma su jera shi a kanta, su ma ba su karanta ba. A ganina duka biyun sun bar aikinsu. Aikin malami shi ne ya karanta, ya auna, sannan ya zaɓa. Ni ina cikin masu cewa littafi mai kyau kan Hanuka yana da wurin zama a ɗakin karatun yaranmu, kuma zan faɗi yadda nake gane mai kyan.

Kafin a zaɓi littafi kan wani abu, sai an san abin. A shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarki Antiyokus na huɗu, wanda ke mulkin daular Girkawa ta ƙasar Sham, ya hana Yahudawa bin addininsu. Ya hana kaciya, ya hana kiyaye ranar Asabar, ya mayar da Haikalinsu na birnin Ƙudus wurin bautar gumaka. Wani limami mai suna Matatiya, daga ƙauyen Modin, ya yi tawaye tare da ƴaƴansa biyar. Bayan rasuwarsa ɗansa Yahuza, wanda ake wa laƙabi da Makabi, ya ja ragamar yaƙin. A shekara ta 164 suka ƙwace Haikalin, suka tsarkake shi, suka sake keɓe shi don ibada. Kalmar Hanuka da Ibrananci ma'anarta ke nan, keɓewa.

Bikin kwana takwas ne, yana farawa ranar 25 ga watansu na Kislef. Kalandarsu ta wata ce kamar tamu ta Hijira, sai dai su suna ƙara wata guda sau bakwai a cikin kowace shekara 19, don haka bikin ba ya zagaya damina da rani kamar yadda azuminmu ke yi. Kullum yana farawa tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba, lokacin da mu muke cikin hunturu. Kowane dare ana ƙara kunna kyandir ɗaya har su kai takwas, na taran kuma shi ne hadimi, da shi ake kunna sauran. Wanda ya ƙirga zai ga kyandir 44 ake ƙonawa kafin bikin ya ƙare, kuma wannan kaɗai darasin lissafi ne mai daɗi ga ƴan aji huɗu. Ana cin abin da aka soya da mai, yara kuma suna wasa da wata ƴar katantanwa mai gefe huɗu, kowane gefe da harafinsa.

To, ga ma'aunina na farko: wa ya rubuta? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ce wani marubuci a Turai wanda bai taɓa taka Nijar ba ya rubuta wa yara littafi kan sallar layya. Zai zana rago da wuƙa, shi ke nan. Ba zai san yadda ake gicciye raguna a kan itace a jera su kewaye da wuta tun rana har dare ba, ba zai san rabon nama washegari ba, balle yawon barka da sallah. Yaron da ya karanta littafinsa zai tashi da tunanin cewa sallarmu yanka ce kawai. Haka abin yake ga Hanuka. Littafin da ɗan gida ya rubuta, ko wanda ƴan gida suka duba suka yarda da shi, shi ya fi cancanta. A Amurka ƙungiyar ɗakunan karatu na Yahudawa tana ba da lambar yabo mai sunan marubuciya Sydney Taylor ga littattafan yara da suka nuna rayuwarsu yadda take. Akwai kuma shirin PJ Library, wanda aka fara a 2005, yana aika wa iyalan Yahudawa littattafai kyauta. Ganin ɗaya daga cikin sunayen nan a bangon littafi alama ce cewa masu abin sun gani.

Na biyu, littafin ya bar bikin a girmansa. A addinin Yahudawa Hanuka ƙaramin biki ne. Babu shi a cikin Attaura, ba a hana aiki a cikinsa, bai kai Idin Ƙetarewa ko Ranar Kaffara daraja ba. Abin da ya kumbura shi, musamman a Amurka, shi ne kusancinsa da Kirsimeti: iyaye ba sa son ƴaƴansu su ga ƴaƴan maƙwabta da kyaututtuka su kuma hannu wayam. Daga nan ƴan kasuwa suka shigo. Littafin da ya cika shafukansa da kwalayen kyauta masu ƙyalli, ya nuna Hanuka kamar Kirsimetin Yahudawa, ya koya wa yaro ƙarya guda biyu a lokaci ɗaya, ɗaya kan Yahudawa ɗaya kan Kiristoci. Irin wannan nakan ajiye shi gefe.

Na uku, ya bambanta tarihi da abin da masu addinin suka yi imani da shi. Labarin da ya fi shahara shi ne na ɗan tulun man zaitun: wai da aka shiga Haikalin, man da ya rage mai tsarki na kwana ɗaya ne, amma fitila ta ci kwana takwas da shi. Wannan labarin a littafin Talmud ya zo, ɗaruruwan shekaru bayan yaƙin. Littattafan Makabiyawa guda biyu, waɗanda suka fi kusa da zamanin, ba su kawo shi ba, na biyun ma ya danganta kwana takwas ɗin da wani bikinsu na kaka, wato Idin Bukkoki, wanda yaƙi ya hana su yi a kan lokaci. Ba na cewa a cire labarin man. Shi ne dalilin soye-soyen, kuma yara suna son sa. Abin da nake nema shi ne marubuci ya ce "Yahudawa suna ba da labari cewa", ya bar wa mai karatu sarari. Wannan ƴar jimlar ita ce ke ba malami Musulmi ko Kirista damar karanta littafin a gaban aji hankalinsa kwance. Ga ƴan kwaleji kuma, littafi mai gaskiya zai faɗa musu cewa rikicin har a tsakanin Yahudawan kansu aka yi shi, tsakanin waɗanda suka rungumi harshe da al'adun Girkawa da waɗanda suka ƙi. Ɗalibin da ya tashi tsakanin allo da lakwal, tsakanin Hausa a gida da Faransanci a aji, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Na huɗu, kuma shi ne babba a wurina, a sami labari a ciki, da yaro mai rai wanda wani abu ya dame shi. Littafin da ke jera bayanai kawai, ga fitila, ga katantanwa, ga abinci, yaro zai duba hotuna ya rufe. Misalin da nake bayarwa kullum shi ne labarin akuya Zlateh, na Isaac Bashevis Singer, marubucin da aka haifa a Folan, wanda ya yi rubutu da harshen Yiddish ya kuma sami kyautar Nobel a 1978. Littafin ya fito a 1966 da zanen Maurice Sendak, an kuma fassara shi zuwa Faransanci. Uban yaron mai ɗinkin rigunan fata ne, sanyi ya ƙi sauka a shekarar, ciniki ya tsaya, ga biki ya matso. Sai ya tura ɗansa Haruna ya kai tsohuwar akuyarsu wurin mahauci a gari. A hanya dusar ƙanƙara ta rufe su, suka shige cikin tarin ciyawa suka yi kwana uku, akuya na cin ciyawa yaro na shan nononta. Da suka dawo gida babu wanda ya sake maganar sayar da ita. Yaron Dakoro ko na Mirriya bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma ya san guguwar ƙura da ke ɓatar da hanya, ya kuma san ranar da aka ja akuyar gida zuwa kasuwa saboda hatsi ya ƙare. Ta wannan ƙofar yake shiga, fitilar Hanuka kuma a ƙarshen labarin yake tarar da ita, a gidan talakawa irin nasu.

Na biyar, kada littafi ya sa yaro ya zaci Yahudawa duk fuska ɗaya gare su. Yawancin littattafan da ke iso mana suna nuna iyali farare a gari mai ƙanƙara, suna cin wainar dankalin turawa. Wannan al'adar Yahudawan gabashin Turai ce. Yahudawan Maroko fanke suke soyawa, wanda suke kira sfenj. Waɗanda ke Afirka ta Kudu da Ajantina cikin zafi suke bikin, domin Disamba a can ba lokacin sanyi ba ne. Idan akwai zaɓi tsakanin littattafai biyu, wanda ya faɗaɗa hoton shi nake ɗauka.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa. Wasu iyaye za su ce ana so a ɓata aƙidar yara. Ina girmama wannan tsoron, domin ni ma uba ne. Amma sanin yadda wani ke ibadarsa daban, yin ibadar daban. Malami ba zai kunna kyandir a aji ba, ba zai sa yara su maimaita addu'ar wasu ba, kuma littafin da ke gayyatar yaro ya yi hakan ba na makarantar gwamnati ba ne. Yaran nan tun a makarantar allo suke jin labarin Annabi Musa (AS) da Bani Isra'ila. Sanin cewa jikokin mutanen nan suna nan da rai, suna da yara masu son fanke, ba zai rage wa kowa imani ba.

Wasu za su ce: da wane ido za mu karanta wa yara bikin Yahudawa alhali ana kashe yara a Gaza? Wannan tambaya ce mai nauyi. Tun Oktoba 2023 an kashe dubun dubatar Falasɗinawa, kuma duk mai zuciya abin yana ci masa rai. Sai dai bikin ya girmi ƙasar Isra'ila ta 1948 da shekaru fiye da dubu biyu, Yahudawa da yawa ba a Isra'ila suke zaune ba, akwai ma waɗanda suka fito zanga-zanga a New York suna neman a tsagaita wuta. Gaskiya ne kuma masu kishin kafa ƙasar sun ɗauki Makabiyawa a matsayin tambarin jarumtar soja, shi ya sa ƙungiyoyin ƙwallo irin su Maccabi Tel Aviv ke ɗauke da sunan. Littafin da ya karkata can, ya mai da biki kirarin yaƙi, wannan ma nakan ajiye shi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne yaro ya tashi bai san kalmar Bayahude ba sai a matsayin zagi, yadda muke jefa ta ga duk wanda muka ga ya cika wayo ko rowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun ga abin da ya faru a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015, lokacin da fushi kan zanen wata jarida ta Faransa ya sauka a kan coci-cocin maƙwabtanmu Kiristoci, waɗanda ba su zana komai ba, aka rasa rayuka. Matasan da ba a koya musu raba mai laifi da mai kama da shi ba, su ne ake samu a irin wannan rana.

Akwai labarin gaskiya da ke nuna ɗaya fuskar. A 1993, a garin Billings na jihar Montana a Amurka, wani ya yi jifa ta tagar ɗakin wani yaro Bayahude saboda hoton fitilar Hanuka da ke jikinta. Jaridar garin ta buga hoton fitilar, dubban mutanen da ba Yahudawa ba suka manna a tagoginsu. An rubuta littafin yara a kan wannan, kuma irinsa nake so ɗalibaina su karanta, domin darasin kare maƙwabci ne.

Sai masu cewa mu da ba mu da isassun littattafai da harshenmu, ina mu ina na wasu? Suna da gaskiya a kan ƙarancin. Idan kuɗi na sayen littafi goma ne, tara su tafi ga tatsuniyoyinmu da tarihinmu, na Sarauniya Mangu da na Tanimun na Damagaram. Amma tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, aikin fassara yana gabanmu, kuma harshen da ba ya iya ba da labarin wasu mutane bai gama zama harshen ilimi ba. Zan so in ga labarin akuyar nan da Hausa, a gefen na Gizo da Ƙoƙi.

Shawarata ga ƴan uwana malamai gajeriya ce. Idan kwali ya zo, a ɗauki littafin a kai gida a karanta shi tun daga bango har bango. A duba wanda ya rubuta, a duba ko bayani yake yi ko wa'azi, a duba ko akwai labarin da zai riƙe yaro. A nuna wa shugaban makaranta da wakilan iyaye kafin ya shiga aji, domin abin da aka yi a fili ba ya zama jita-jita a unguwa. Wanda ya ci wannan jarrabawar a sa shi a kanta, wanda ya faɗi a mayar da shi kwali, amma mu iya faɗin dalili idan an tambaye mu.