Ƙibar Kare Ba Lafiya Ba Ce

Hausawa kan ce ba a kiwon kare ranar farauta, watau duk mai son cin moriyar abu, to, ya kula da shi tun da sauran lokaci. Amma magabatan da suka yi wannan karin magana ba su ce a yi ta ɗura wa kare abinci har ya kasa tashi ba. Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wata gardama da na tarar a gidanmu a Kabo lokacin hutun da ya wuce, wadda nake ganin ta fi ƙarfin gida ɗaya.

Wani kawuna, ɗan kasuwa, ya sayo kare irin na Turai daga Kano domin gadin gida da garken tumakinsa. Kafin shekara biyu karen nan ya yi ƙibar da in ya yi ɗan gudu kaɗan sai ya kwanta yana haki. Sai 'ya'yan kawu suka rabu biyu. Babban ya ce a koma ba shi busasshen abincin nan na kanti da ake sayarwa a buhu, mai kama da ƙwayar gurjiya. Ƙaramin kuwa, wanda ya karanta wani bayani a intanet, ya ce ba abin da zai rage masa teɓa sai ɗanyen nama da kayan ciki daga kwata, domin abin da kakansa kyarkeci yake ci ke nan a daji. Ba wanda ya tambayi yawan abin da karen yake ci, ko nisan tafiyar da yake yi a yini. A ganina, nan ne gizo yake saƙar.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan gardama baƙuwa ce a ƙasarmu. Wajen shekarar 1860 ne wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara sayar da biskit na karnuka a Ingila, sa'an nan a shekarun 1950 kamfanonin Amurka suka ƙago busasshen abincin da muke gani yau. Ra'ayin komawa ga ɗanye kuwa ya bazu ne bayan 1993, lokacin da wani likitan dabbobi na Ostireliya, Ian Billinghurst, ya wallafa littafi a kansa. Alhali tun kafin a haifi waɗannan mutane mafarautan ƙasar Kabo da Gwarzo suke kiwon karnuka masu kama zomo da gudu.

Mu fara da hujjar ƙanin, cewa kare kyarkeci ne. Lalle asalinsu ɗaya, amma zama da ɗan Adam na dubban shekaru ya sauya cikin kare. A 2013 masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa ƙwayar halittar da ke taimakawa wajen narkar da abinci mai sitaci ta fi yawa ƙwarai a jikin kare bisa ga kyarkeci. Ashe ke nan maharbin da ke dama wa karensa kunun dusa, ya haɗa masa da ƙanzo da ɗan abin da aka samo a daji, bai saɓa wa halittarsa ba.

Bugu da ƙari, ɗanyen kayan ciki yana da haɗarin da bai tsaya kan kare kaɗai ba, kuma wannan shi ya fi damuna. Akwai wata 'yar tsutsa da tsawonta bai kai santimita 1 ba, wadda ke zama a hanjin kare. Kare kan same ta ne in ya ci ɗanyen huhu ko hantar tunkiya, akuya, saniya ko raƙumi mai ɗauke da ƙullutun ruwa, irin wanda mahauci kan yanke ya jefar. Ƙwayayenta suna fita cikin kashin kare, su manne a gashinsa da ƙasar tsakar gida. Yaron da ya yi wasa a wurin, ya ci abinci bai wanke hannu ba, yana iya haɗiye su. Sai bayan shekaru ƙullutu ya girma a hantarsa ko huhunsa, wani lokaci ba makawa sai an yi masa tiyata. Makiyayan Turkana na ƙasar Kenya sun daɗe suna fama da wannan cuta. Akwai kuma wata tsutsar da kare ke ɗauka daga ɗanyen kan tunkiya, wadda kan koma ta shiga ƙwaƙwalwar tumaki su riƙa zagaye wuri ɗaya har su mutu. Dubi abin mamaki: kare da aka sayo domin tsaron garke ya zama shi ne ajalin garken. Ban da wannan, ɗanyen nama a zafin bazara ba ya jimawa ƙwayoyin cutar gudawa suke cika shi.

To, ko wan ne yake da gaskiya? Abincin kanti mai kyau yana da fa'ida, domin an auna abubuwan gina jiki da ke cikinsa, an kuma rubuta a jikin buhu adadin da ya dace da nauyin kare. Sai dai busasshe ne, ɗan kaɗan nasa yana ɗauke da ƙarfi mai yawa, saboda haka wanda ya cika kasko da ido ƙara ƙiba zai yi, ba ragewa ba. Ga tsada, ga kuma matsalar ajiya. Galibinsa da hatsi ake yi, hatsi kuwa in ya yi funfuna yakan haifar da guba mai lalata hanta. Daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 karnuka fiye da 100 suka mutu a Amurka saboda irin wannan guba a cikin abincin buhu. Ina ga buhun da aka buɗe aka bari a zaure cikin damina?

Da na zauna na lura, sai na gane karen kawu ba irin abinci ne ya ɓata shi ba, yawansa ne. Kowane ɗaki na gidan yana juye masa sauran shinkafa da mai, da tuwo da miya, shi kuwa yana ɗaure da sarƙa dare da rana. Karen maharbi kuwa yakan ci gwargwado, ya yi tafiya mai nisa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya bi rayuwar karnuka 48 'yan asali ɗaya tun suna 'yan kwikwiyo. Rabinsu an rage musu kashi 25 cikin 100 na abin da 'yan'uwansu ke ci, sai ga shi sun fi su tsawon rai da kusan shekara 2, ciwon gaɓoɓi kuma bai kama su da wuri ba.

Saboda haka shawarata ga kawu, da duk mai irin wannan kare, ita ce ma'auni. A shafa awazarsa: in ba a jin haƙarƙari sai an danna, ƙugunsa kuma ya ɓace, to, ya yi ƙiba. A sa mutum ɗaya ya riƙa ciyar da shi sau 2 a yini da gwangwani ɗaya sananne. A rage masa sannu a hankali, yadda ba zai zubar da fiye da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a mako ba. Mai hali ya sayi na kanti ya auna. Marar hali ya dafa masa hatsi da kabewa da nama marar kitse ko kayan ciki, a dafa su su nuna sarai, ya kuma nemi shawarar malamin dabbobi kan abin da zai ƙara domin ƙarfin ƙashi. A guji sauran miya, domin albasa tana lalata jinin kare, a guji dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya soki hanji. A riƙa ba shi maganin tsutsa, a kuma kwance shi ya bi tumaki kiwo safe da yamma.

Na san wani zai ce, ana fama da tsadar hatsi, ina ruwan ɗalibi da teɓar kare? Amsata ita ce, wannan ma hujja ce a gare ni. Kwanon da ake juye wa karen da ya riga ya ƙoshi, almajiri yana bakin ƙofa yana jiransa. Addininmu ya yarda a ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona, ya kuma hana almubazzaranci da cutar da dabba. Karen da ƙiba ta hana shi aikin da aka ajiye shi dominsa, an cuce shi, an kuma yi asarar abinci.

Da zan komo makaranta na ce wa kawu, “Kawu, ku bar gardamar ɗanye da busasshe, ku nemo gwangwani.” Ya yi dariya, amma washegari na ga an kwance sarƙa, karen yana bin tumaki a baya, yana tafiya yana hutawa. Allah ya sa mu san gwargwado a kan kome.