Gidan Yarima Gung na Pekin: amana da makomar mai cin ta

A birnin Pekin na ƙasar Sin, kusa da tafkunan Shishahai, akwai wani ƙasaitaccen gida da ake kira Gidan Yarima Gung. Faɗinsa ya kai kamar hekta 6, kusan rabinsa lambu ne. A yau gidan tarihi ne, kowa ya yanki tikiti ya shiga. Mun ga ya dace ma'aikatan ƙasa su san labarinsa.

An gina shi wajejen shekara ta 1777. Mai shi, Heshen, babban waziri ne na sarki Ciyanlung. Sarki ya yarda da shi, ya danƙa masa baitulmali, har ya aurar wa ɗansa gimbiya. Heshen ya yi fiye da shekara 20 yana karɓar hanci, yana tara zinariya da azurfa. A shekara ta 1799 sarki ya rasu. Ba a yi wata guda ba magajinsa Jiyacing ya sa aka kama wazirin, aka ƙwace dukiyarsa, aka aika masa da farin ƙyallen siliki ya rataye kansa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Gidan ya koma hannun ƴaƴan sarauta. A tsakiyar ƙarni na 19 aka ba Yarima Gung, wanda ake kiran gidan da sunansa. Bayan faɗuwar sarauta a 1912 jikansa ya jinginar da shi saboda neman kuɗi. Daga baya ya zama makaranta, wani sashe kuma masana'anta. A 1982 hukuma ta sa shi cikin kayan tarihin da doka ke karewa. An buɗe lambun ga jama'a a 1988, sauran gidan a 2008.

Mai ziyara yakan ga duwatsun da aka jera kamar tsauni, da tafki mai siffar jemage, da zauren wasan kwaikwayo. Jemage alamar arziki ne wurinsu, don a harshensu sunansa da kalmar arziki furucinsu ɗaya. Cikin wani kogo akwai dutse mai ɗauke da wannan kalma da rubutun sarki Kangshi, mutane na yin layi don su gan shi. Gida cike da alamun arziki, amma mai ginin bai cika shekara 50 a duniya ba.

Wasu za su ce: don me za a kashe kuɗin jama'a wajen gyaran gidan maci amana? Mu a ganinmu hukumar Sin ta yi daidai. Heshen bai ɗora tubali ko ɗaya ba. Magina da masassaƙa suka yi aikin, harajin talakawa ya biya. Buɗe ƙofar gidan ga jama'a mayar da kaya ne ga masu shi. Da an rushe shi, da aikin waɗannan gwanaye ya salwanta, labarin kuma ya bi shi.

Saboda haka muna kira ga duk wanda aka danƙa wa kuɗin haraji, ko rumbun hatsi, ko hatimin hukuma, ya tuna da wannan waziri. Gininsa ya haura shekara 240 yana tsaye, kuma kowace rana masu ziyara na jin yadda aka tara kuɗin da aka gina shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.